Mai gadi ya ce in tafi bayi in ba yarona nono: wai muna da doka a kan wannan kuwa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a wuya tun ranar Talata. Kamar yadda wasunku suka sani, a Gilasgo muke zaune, na zo gida bikin ƙanwata ne. Na shiga wani banki a Abuja don a farfaɗo min da asusuna da ya kwanta, na karɓi lamba na zauna. Fiye da awa ɗaya ba a zo kaina ba. Hanif wata huɗu gare shi, nono zalla yake sha, ya fara mutsu-mutsu yana cusa hannu a baki. Na koma kujerar ƙarshe ta jikin bango na sa shi cikin hijabi. Hijabin nan har ƙasa ne, in ban da 'yan ƙafafunsa da ke lilo ba abin da ake gani. Ko minti uku ba a yi ba sai ga mai gadi, Bahaushe ɗan uwanmu, ya rusuna ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri, Madam ce ta ce ba a yin wannan a nan, wai akwai bayi ta baya." Bayi fa, jama'a! Na ce masa, "Malam, kai a bayi kake cin tuwonka?" Ya sunkuyar da kai bai tanka ba. Ni kuma idanu sun yi min yawa, na fita na ƙarasa a bayan mota cikin zafin nan. Kafin in dawo an kira lambata an wuce.

Abin da ya fi ba ni takaici: a can, tun kafin a sallame ni daga asibiti ungozoma ta zaunar da ni ta ce in sani, a Sikotlan laifi ne wani ya hana ni shayar da yaron da bai kai shekara biyu ba a wurin da jama'a ke shiga. Dokar tun 2005 take, tararta tana kai wa fam 2,500, kuma ko da bulumboti kake ba shi madara ta shafe ka. Na shayar a bas, na shayar a ɗakin karatu, ba wanda ya taɓa ɗaga kai. Sai da na dawo ƙasar uwata aka tura ni bayi. Tambayata: mu muna da irin wannan dokar? In babu, ya kamata a yi ko bai kamata ba?

Ummu Sadiq: Innalillahi. Kuma wai mace ce ta turo shi? Ita a ina aka shayar da ita?

Mai Atamfa: Maman Hanif ki zo Kwari ki ga ikon Allah. A shagonmu kullum sai mata sun zauna kan dilar atamfa sun ba 'ya'yansu mama suna ciniki. Har kujera muke ja musu, mu juya musu fanka. Wannan iyayin na masu na'urar sanyaya ɗaki ne kawai.

Baban Walida: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ba a kyauta miki ba, wannan kam babu ja. Amma maganar doka ban goyi baya ba. Turawa sun yi dokar ne don su suka ɓata al'amarin da kansu, suka mai da ƙirjin mace kayan talla har ya zama ganin jariri a jikinsa abin ƙyama ne. Ciwonsu ne, maganinsu ne. Mu wa ya taɓa hana mace shayarwa a kasuwa ko a tasha ko a gidan biki? Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Kuma ina jin tsoro, yau a ce doka ta ba da dama, gobe wata ta yaye mayafi a gaban maza ta ce 'yancinta ne.

Maman Hanif: Baban Walida, ka ce wa ya taɓa hana mace. Ni ce nan aka hana, ranar Talata, da hijabi har ƙasa.

Ummu Sadiq: Kai kuma Baban Walida kullum sai ka hango wata da za ta tuɓe. Mace da jariri na tsala ihu a hannunta, ta ina ta ga lokacin yin kwalliya da ƙirji?

Barista Maman Nana: Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Da farko, abin da kika yi ba laifi ba ne. Ba ki karya komai ba, kuma da kin yi zamanki ba abin da za a rubuta a takardar tuhuma. Sai dai rashin laifi daban, kariya daban, kuma a nan gizo ke saƙar.

Abin da ke rubuce ƙarara a wurinmu na ma'aikata ne. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aikin. Ya kuma ce mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki don ta ba ɗanta nono. Amma ku lura, wannan tsakanin ma'aikaciya ne da wanda ya ɗauke ta aiki. Bai ce komai ba game da wadda ta zo banki ko kanti ko gidan abinci a matsayin mai hulɗa. Ƙari a kan haka, ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da akawu, ta cire manyan jami'ai da masu aikin ƙwarewa, su sai abin da takardar ɗaukarsu aiki ta ce.

Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi, amma lafazinsa a kan dokoki ne da matakan gwamnati, ja shi zuwa kan mai gadin kamfani sai an sha gumi a kotu. A Ingila kuwa sun toshe wannan ƙofar: dokarsu ta daidaito ta 2010 ta ambaci shayarwa da sunanta, mai shago ko mai gidan abinci ba shi da ikon ya kore ki ko ya ƙi sallamarki saboda ita. Bambancinta da ta Sikotlan shi ne, a Ingila ke za ki kai ƙara ki nemi diyya, a Sikotlan kuwa laifi ne da hukuma ke hukuntawa.

Baban Walida: To Barista, rabin awa sau biyun nan da ke rubuce, mata nawa ke samu? In wadda ke ƙasa ba a bi ba, sabuwa ce za a bi?

Barista Maman Nana: Nan kam ka kama ni, ban da ta cewa sosai. Amma dokar da ba a bi, in kin san da ita kina iya ɗaga ta a fuskar mutum. Wadda babu ita fa, me za ki ɗaga?

Maman 'Yan Biyu: Ni yau na fara jin wannan rabin awar wallahi. A makarantar kuɗi nake koyarwa. Da na haifi tagwaye mako shida aka ba ni, shi ma ba albashi, aka ce in na ƙara kwana ɗaya akwai masu jiran gurbin. Ƙanwar mijina ke kawo min su lokacin tara, in shiga sito inda ake ajiye tsintsiya da fasassun benci, in zauna kan bokitin fenti in ba wannan in ba wancan, kunnena na kan ƙararrawa. Wata uku na yi a haka, nonon ya janye, muka koma madarar gwangwani. Kuɗin madarar yara biyu a wata ya kusa cinye albashin gaba ɗaya. Har yau in na tuna warin sito ɗin nan sai raina ya ɓaci.

Ummu Sadiq: Allah sarki. Allah ya raya su Hassan.

Gwaggo Nas: 'Ya'yana, na karanta duka. Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin haihuwa da layin awo kafin in yi ritaya, bari in faɗa muku abin da ba ku hango ba.

Baban Walida ya yi gaskiya rabi. A da ba mu san wannan ba. Kunyarmu ta shayarwa wata iri ce daban: kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, ta ƙi kallon jaririn, ta ƙi kiran sunansa, in surukarta na ɗakin ko zai shiɗe da kuka ba za ta ɗauke shi ba sai an yi mata jan ido. Na sha fama da su, sai na kori dangin miji waje na rufe ƙofa kafin ta yarda ta sa shi a nono. Wato ɗan ake jin kunya a gaban manya, ba nonon ba. Ita wannan yarinyar, in ta kai haihuwa ta uku, a motar Funtuwa za ta shayar tana hira da ta kusa da ita, ba wanda zai ce kanzil. Ku dubi matan Fulani masu tallan fura da nono, a gindin bishiya ɗa na tsotso tana dama wa mai saye. To wannan sabuwar kunyar ta banki da ofis da manyan kantuna, wadda ke cewa abin ƙazanta ne a kai shi bayi, ba gadonmu ba ce. Shigo da ita aka yi tare da tayil da ƙofar gilashi. Saboda haka ɗana, in ka ce dokar ta Turawa ce, ciwon ma ai ya riga ya ƙetaro.

Kuma ga inda abin ya shafe ni. Muna ta wa'azi a ba jariri nono zalla wata shida, ko ruwa kar a ba shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ke samun haka a Najeriya. Dalilan da yawa, akwai zubar da dakashi da ake yi wai datti ne, alhali shi ne rigakafin farko, akwai kakanni masu cewa zafin garin nan yaro zai mutu da ƙishi. Amma akwai wannan ma: uwa ta fita unguwa, yaro ya yi kuka, tana jin nauyin idon mutane, sai ta fasa ruwan leda da haƙori ta ɗiga masa don ya yi shiru. Da idona na gani ba sau ɗaya ba. Bayan kwana biyu a kawo mana shi da gudawa, maɗiga ta faɗa. Duk wanda ya kunyata mai shayarwa, da hannunsa a wannan.

Mai Atamfa: Gwaggo kin gama magana. Ruwan ledar nan kam har a shagonmu ana yi.

Baban Walida: Gwaggo na ji, kuma na karɓi gyara a kan cewa ciwon ya iso. Amma har yanzu maganar sutura na nan. Mu Musulmi ne. Ina so Malam ya ce wani abu.

Abu Mus'ab: Bismillah. Abu biyu ne, kuma ba sa karo da juna sai in mu muka gwara su. Shayarwa haƙƙin yaro ne. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, ta kuma ɗora ci da tufatar da uwar a kan uban. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce ko matar da aka saka ce ta shayar, a ba ta ladanta. Sutura kuma wajibi ce, a mazhabarmu ta Malikiyya ƙirjin mace al'aura ne a gaban namijin da ba muharraminta ba. To wadda ta sa ɗanta cikin hijabi ta cika duka biyun, me ya rage? Ya rage namu, mu maza: an umarce mu da runtse ido, kuma ayar da ta umarci maza ita ta riga ta mata zuwa a Suratun Nur.

Ku tuna kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita don kar ya tsananta wa uwar. Wato mata na zuwa masallaci da jariransu, kuma liman ne ya sassauta, ba uwar aka kora ba. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa Sayyidina Umar ya ji wani yaro na ta kuka da dare, ya bincika ya tarar uwar na gaggawar yaye shi ne don ba a sa yaro a rabon baitulmali sai an yaye shi. Sai ya canza tsarin, ya ce a rubuta kowane jariri tun daga haihuwa. Shugaba ya gyara doka saboda nonon jariri ɗaya. Don haka Baban Walida, kare mai shayarwa da doka ba Turawa suka fara ba. Tura ta wurin najasa kuwa, ban san ta inda za a kare shi ba.

Baban Walida: Allah ya saka Malam. To in za a yi, a rubuta a ciki cewa sai da mayafi.

Barista Maman Nana: A nan zan saɓa maka. Ranar da ka rubuta "sai ta rufe yadda ya dace", ka miƙa wa mai gadi da Madam ɗinsa alƙalanci. Su za su riƙa auna mayafin. Maman Hanif hijabi har ƙasa ta sa, bai hana ba. Kuma ƙasar nan ba mu kaɗai ba ne a cikinta. Matanmu ba doka ce ta sa su rufe jiki ba tun farko, ba kuma rashin ambatonsa a doka zai sa su yaye ba.

Maman Hanif: Ga shi kuma wani yaron ba ya yarda da rufi. Yayar Hanif da ta kai wata bakwai fisge mayafin take yi, ga gumi ya jiƙa mata kai sharkaf. Sai dai in juya wa mutane baya in fuskanci bango.

'Yar Maraɗi: Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan Nijar hutun haihuwa sati 14 ne ga ma'aikaciya, kuma in ta koma aiki tana da awa guda a wuni ta shayarwa. Amma mata nawa ke aikin buro? Mafi yawa suna gona da kasuwa da bakin rijiya, can kuwa ba mai hana su. Ni abin da ya fi damuna yanzu salula ce. Wata maƙwabciyarmu a wajen suna aka ɗauki bidiyon taro, tana gefe tana ba ɗiyarta nono ba ta sani ba, sai ga shi yana yawo a WhatsApp. Mijin ya kusa sakinta, ita da ba ta yi komai ba.

Ummu Sadiq: Wannan shi ne babban tsorona wallahi. Ba mai gadi ba, yaron da ke kujerar gaba a adaidaita yana yi kamar yana danna waya.

Barista Maman Nana: 'Yar Maraɗi kin taɓo inda ya fi ciwo. Ingila da Wels sai a 2022 suka mai da ɗaukar hoton mai shayarwa ba da izininta ba, don sha'awa ko don wulaƙanta ta, laifin da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyu. 'Yar majalisarsu Stella Creasy na cikin waɗanda suka tsaya a kai, ita ma an taɓa ɗaukarta a jirgin ƙasa tana shayarwa. In da ni za a ba alƙalami, da wannan zan fara, don ko Baban Walida ba zai yi gardama a kansa ba.

Baban Walida: Wannan kam ko bulala aka ce a ƙara, na sa hannu.

Hajiya 'Yar Zango: Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma dokar aikinmu ta 2003 ta ba da mako 12 da awa ɗaya ta shayarwa kullum har yaro ya shekara. A tashar mota da kasuwa kuwa ba ruwan kowa, har wata tsohuwa za ta daka miki tsawa in yaro na kuka, ta ce ba shi nono mana! Ku dubi Kenya ma, dokar lafiyarsu ta 2017 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su ware ɗakin shayarwa, amma a 2019 aka fitar da 'yar majalisa Zuleika Hassan daga zauren majalisa don ta shigo da jaririnta. A gidan da ake yin dokar ke nan fa.

Maman Hanif: Amurka ma da ake ganin sun yi nisa, sai 2018 jihohi 50 ɗin suka cika da dokar da ta ba mace damar shayarwa a cikin jama'a, Yuta da Aidaho ne na ƙarshe. Ba wai can ɗin aljanna ba ce, har yanzu akwai masu harara. Bambancin kawai, da aka ce min na san haƙƙina, sai na ji ƙafata ta tsaya. Ranar Talata ba abin da zan dogara da shi sai bakina, shi kuma ya mutu.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai da za a bi ta tawa, a fara da hutun. Legas ta ba ma'aikatanta wata shida tun 2014, Kaduna ta bi a 2019. Duk na ma'aikatan gwamnati ne. Mu na makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi da kantuna ko oho. Ana ce mana nono zalla wata shida, ana kiranmu aiki a mako shida. Wane lissafi ne wannan?

Gwaggo Nas: Kuma kar a ce sai an gina ɗaki mai firji da kujerar alfarma. A asibitin da na yi aiki, labule ɗaya muka sa a lungun baranda da benci biyu da randa, da kuɗin aljihunmu. Shekaru aka yi ana amfani da shi. Amma ku kiyaye: ɗakin shayarwa na wadda ta ga dama ne. Kar ya zama hujjar korar wadda ta zauna a layi tana tsoron a wuce lambarta.

Mai Atamfa: Duk wurin da ya iya ware wa manya ɗakin hutawa mai sanyi, ai bai rasa lungun labule ba.

Baban Walida: Ni fa har yanzu ina ganin tarbiyya ce ta yi ƙaranci, ba doka ba. Da Madam ɗin nan ta tashi a gaban kakarta da ba ta aiko mai gadi ba. Amma na ga an yi min taron dangi, na yi shiru.

Ummu Sadiq: Kar ka yi shiru, ka tambayi Maman Walida a ina take shayarwa in kun je asibiti, ka dawo ka ba mu labari.

Barista Maman Nana: Maman Hanif, kafin ki koma ki rubuta wa bankin takardar koke. Ki sa rana da lokaci da reshen, ki faɗi abin da aka ce miki kalma da kalma, ki tambaye su a rubuce ko ƙa'idarsu ce a tura mai shayarwa bayi. Ba za su iya amsa "e" a takarda ba. Ki miƙa kwafi biyu, su buga hatimi a ɗaya su ba ki. Kuma don Allah kar ki sa sunan mai gadin, shi za a fara kora, alhali aike ne aka yi masa.

Maman Hanif: Wallahi shi ne ma ya ba ni tausayi, da na fito ya biyo ni har bakin mota yana ba ni haƙuri, ya ce shi ma matarsa jego take yi. Ba zan ambace shi ba. Barista zan turo miki abin da na rubuta da daddare ki duba min, jirginmu sai ranar Lahadi, gobe da safe zan kai musu. Kuma da Hanif zan tafi, don asusun har yanzu ba a buɗe ba.